Marka Mai Ƙorai da Kuɗin Tsakiyar Ruwa

Marka ba haifaffiyar Gummi ba ce, ko da yake yau in ka faɗi haka a layin masu ƙorai sai a yi maka kallon baƙo. A wani ƙaramin ƙauye aka haife ta, gaba kaɗan da Nasarawa Burkullu a ƙasar Bukkuyum, inda gulbi kan shiga tsakanin mutane da gonakinsu da zarar damina ta zauna. Mahaifinta ɗan fito ne, amma bai taɓa mallakar jirgi ba. Gora gare shi, ƙato, wanda babban mutum ba ya iya zagaye shi da hannuwa biyu. Mai son tsallakawa sai ya zuba kayansa a masaki, ya rungumi goran, shi kuma tsohon ya shiga ruwa yana tura su da ƙirji har wancan gefe. Marka ce 'yarsa ta fari, kuma an daɗe ba a samu namiji ba, don haka ita ce mai bin sa bakin gulbi. Ta iya iyo tun kafin ta iya riƙe taɓarya. Innarta ta yi faɗa har ta gaji, ta koma gaya wa maƙwabta cewa ita dai kifi ta haifa, Allah ya kawo mai aurensa.

Mai auren kuwa ya zo, da buhu a kafaɗa, yana neman duma. Ɗahiru sunansa, mutumin Gummi, sana'arsa ya fafe duma, ya kankare, ya shanya, ya yi wa ƙwarya zane da wuƙa mai zafi. Mutum ne wanda in ya yi maka sallama ya gama maganar yini. Ranar da mahaifin Marka ya tsallakar da shi, ya rufe ido ya ƙanƙame goran yana karanta duk addu'ar da ya sani, ita kuwa tana iyo a gefensa tana ƙyalƙyala dariya. Bana ya zo sayen duma, baɗi ya dawo da goro. Da aka tambaye ta, ta ce tana so, don mutumin da ke tsoron ruwa haka ba zai taɓa yi mata nisa ba.

Ashe zai yi. Sun zauna a Gummi shekara da shekaru, sun haifi 'ya'ya, sun aurar da babbarsu Saudatu. A cikin shekarun nan roba ta cinye kasuwar ƙwarya a gida. Amarya ta fi son baho mai launi, mai fura ma ta koma bokiti. Sai aka gaya wa Ɗahiru cewa can tsallaken Kwara, inda tsofaffi ke kira ƙasar Faransa, har yanzu mata ba su yarda da auren da babu ƙorai a ciki ba, kuma ƙwaryar Gummi ita ce abin nema. Ya fara ɗaure kaya cikin raga, ƙanana cikin manya, ya sa a motar Umaru, ƙanen Marka, wanda ke tuƙa kanta, motar ɗaukar kaya. Su bi ta Jega su yi yamma, har wani mashigi da ake kira Tungar Giginya, inda mota ke tsayawa jirgin ruwa ya karɓa.

Kaya na ƙarewa a kasuwa, amma Ɗahiru ya dawo gida aljihu shafal. Marka ta tambaye shi, ya ce, “Igiya.”

“Wace irin igiya, Malam?”

“Igiyoyi dai,” in ji shi, ya ci gaba da wasa wuƙarsa.

Ba ta gane ba sai shekarar da sanyin ƙashi ya kama masa gwiwa, zaman mota ya gagare shi. Ga ƙorai sun cika zaure, ga bikin autarsu na tafe. Marka ta riga ta ba wa hamsin baya, ba wanda zai yi mata maganar fita, balle da ƙanenta za ta. Ta ce za ta tafi. Ta kuma samu abokiyar tafiya, Maimunatu, wata Bafulatana da ta taso daga Zugu bayan 'yan bindiga sun kore musu shanu, ta kama ɗaki a unguwarsu tana sarin man shanu da nono. Maimunatu doguwa ce, siririya, ba ta son hayaniya. Marka gajera ce, kakkaura, muryarta na tsallake gida uku. Suka dace.

A Tungar Giginya Marka ta ga igiyoyin da idonta. Daga inda mota ke tsayawa zuwa bakin ruwa 'yar tafiya ce, amma ba ka yin nisa sai ka tarar an gitta igiya daga wannan gindin itace zuwa wancan, an rataya mata tsumma ja. A bayan kowace akwai benci da mutane. Wasu da kaki, wasu rigar kaki da wandon gida, wasu kuwa usur kawai gare su da sanda. Wannan ya ce kuɗin tsayuwa, wancan ya ce kuɗin sauke kaya, na gaba ya ce kuɗin duba kayan da aka sauke. Wani ma bai wahalar da kansa da suna ba, ya ce Oga na jin ƙishirwa. Wanda bai karɓi kuɗi ba ya zare ƙwarya ɗaya, mafi kyan zane, ya ce zai kai a gwada. A cikinsu duka wuri ɗaya ne kawai ke da taga da tuta, inda ake karɓa a ba ka rasit mai hatimi.

A tafiyar farko ta biya duk wanda ya miƙo hannu, don mamaki ya ɗaure mata baki. Umaru ya ce, “Haka abin yake, Yaya. Kowa ya saba.” Ba ta ce komai ba, abin da ya ba shi tsoro, don bai taɓa ganin ta yi shiru daga Jega har Gummi ba.

A tafiya ta biyu ta zo da shirinta. Ta je taga ta biya abin hukuma, ta ƙulle rasit a bakin zane. Da suka isa igiyar farko, wani mai ƙaton ciki da usur a wuya ya ɗaga hannu.

“Sannu da aiki, ɗana,” in ji Marka. “Wagga igiya ta mi ce?”

“Kuɗin tsayuwa, Inna.”

“To, madalla. Ba ni takarda.”

“Nan ba a ba da takarda.”

“Ni kuwa mai takarda nike ba kuɗi. Wanda bai da ita, gaisuwa nike ba shi. Ina kwana? Ina iyali?”

Mutumin ya ce in haka ne ta tsaya a nan har gobe. Marka ta ce ba laifi. Ta sa masu dako suka ajiye kayanta daidai inda suke, wato a tsakiyar hanya. Ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta kwance raga ɗaya, ta jera ƙorai. Maimunatu, wadda kunya ta kusa kashe ta, ta zauna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Marka ta ce mata, “Dama muna hura, ƙawa, zama ya same mu.” Kafin a jima matan tunga sun taru suna ɗaga ƙorai suna ƙwanƙwasawa. Masu albasa da masu babura sun yi layi a baya suna ta oda, don ba hanyar wucewa. Mai usur ya zo yana gumi.

“Inna, ki tashi ki ba mutane hanya!”

“Kai ka ce in tsaya, ɗana. Na tsaya. Ungo, sha hura, rana ta yi.”

Ta miƙa masa ƙoƙo da ludayi. Jama'a na kallo, suna dariya ƙasa-ƙasa. Ya tsaya yana duban furar, ga nono ya ji, ga ƙishirwa ta gaske. Ya karɓa ya sha. Wanda ya sha furarka kuwa a gaban mutane ba ya iya buɗe baki ya ce ka ba shi kuɗi. Ya goge baki, ya taka igiyar da ƙafa ta kwanta a ƙasa.

Ba kullum take yin nasara ba. Ranar ma jirgi ya tafi ya bar su, sai da suka kwana a gidan wata mai tuwo. Wata rana kuma ta gamu da wani mai jan ido wanda bai san dariya ba, ya sa takalmi ya fasa mata masaki biyu, aikin da Ɗahiru ya yi kwanaki a kansa. Ta tsuguna ta tsince ɓallin tana hawaye, ta biya shi, don man Maimunatu ya fara narkewa a rana. Amma sannu a hankali masu igiya suka san ta. Da sun hango gajerar mace da doguwa a bayanta, sai wani ya ce wa ɗan uwansa, “Ga ta nan, saki kawai, yau ba ni da ƙarfin surutu.” Wasu matan Gummi da na Anka suka fara jiran ranar tafiyarta su bi bayanta, su wuce a inuwarta.

Abu ɗaya ne ya gagare ta, shi ne kuɗin tsakiyar ruwa.

Babban jirgin mashigin na wani ne mai suna Mainasara, jirgin katako mai inji a baya. Mainasara mutum ne mai fara'a, mai baƙin tabarau, mai kiran kowace mace Hajiya. A bakin ruwa zai karɓi kuɗin fito cif, ya yi bismilla, ya ja igiyar inji. Da an kai inda ba ka ganin mutanen wannan gefe sosai, na wancan ma ba ka gane fuskarsu, sai inji ya yi tari ya mutu. Mainasara ya dafa kai ya ce, “Subhanallahi, mai ya ƙare.” Sai ya ce akwai jarkar wani bawan Allah a ƙarƙashin benci, amana ce, ba ya iya taɓawa sai an haɗa kuɗinta. Mutane na ganin ruwa ta ko'ina, yara na kuka, kowa ya kwance bakin zane. Ba inda za ka kai ƙara, don kowa ya san masu igiyar tsallake na da kasonsu a ciki. A tudu Marka na iya shimfiɗa tabarma ta jira. A tsakiyar Kwara, da matan da ba su iya ruwa ba, ba ta da yadda za ta yi. Ta biya, ta sake biya, tana cizon leɓe.

Sai wata tafiya a ƙarshen damina. Kwara ta cika ta yi ja, tana tafe da ciyawa da rassan itace. Jirgi ya ɗauki mata masu yawa, da masu buhunan albasa, da wani mai babur, da wani tsohon malami da ke kai ragon suna gidan 'yarsa. A cikin kayan Marka, ban da ƙorai, akwai manyan goruna da ba a fafe ba, waɗanda masunta ke saye. An kai tsakiya, inji ya yi tarinsa.

“Subhanallahi,” in ji Mainasara, ya dafa kai.

“Mai ya ƙare,” in ji Marka, kafin ya ƙarasa.

Wasu suka yi dariya. Mainasara ya gyara tabarau ya ce, “Hajiya, ba abin wasa ba ne. Ruwa ya yi yawa yau. Ku haɗa da sauri.”

“Yau kam ba ni badawa, Mainasara. Kuɗin fito munka biya, ba na rabin fito ba.”

“To, sai mu zauna nan. Ko kuwa in rage nauyi, in fara da kayanki.”

“Jefa su. Ƙwarya ba ta nutsewa. Mai ita ma haka.”

Ta miƙe. Ta cire takalmi ta miƙa wa Maimunatu, ta kwance ƙullin bakin zanenta ta ba ta riƙo. Ta ja mayafi ta ɗaure ƙugu tamau. Ta zaro gora mafi girma, ta rungume shi, ta ce, “Ku da Allah ya hore wa kuɗi ku zauna ku biya. Ni zan ƙarasa da kaina.” Kafin kowa ya gane da gaske take, ta ɗora ƙafa a gefen jirgi ta sulale cikin ruwa.

Maimunatu, wadda ba a taɓa jin muryarta a waje ba, ta kurma ihun da ya firgita rago. Mata suka ɗauki salati. Marka kuwa ta ɓullo a gefen jirgi, ƙirji a kan gora, ƙafafu na aiki a ƙasa kamar ba ta taɓa barin gulbin ƙauyensu ba. Sanyin ruwan ya ratsa ta har ƙashi, ƙarfinsa kuma ya fi abin da ta zata, amma ba ta bari fuskarta ta nuna ba. Ta ɗaga kai ta ce, “Ruwan da daɗi, ƙawa! Ki shigo!”

Mainasara ya cire tabarau. Ya san in fasinja ya nutse a jirginsa, Sarkin Ruwa ba zai sake barin sa ya taɓa igiyar inji ba har abada, ban da abin da hukuma za ta yi masa.

“Inna, don girman Allah ki dawo! Na tuna, akwai sauran mai! Wallahi akwai!”

Ya fizgi igiyar inji. Inji ya yi tari. Ya sake fizga, ya sake, yana ta murɗa abin mai, har warin fetur ya cika jirgin. A garin sauri ya shaƙe injin da mai. Wannan karon ya mutu da gaske. Jirgi ya fara juyawa a hankali, goshinsa ya bar kallon mashigi ya koma kallon inda ruwa ya nufa. Mai babur ya tambayi filafilan tuƙa jirgi, aka duba, guda ɗaya tak aka samu a ƙarƙashin buhuna. Dariya ta ɗauke. Mainasara ya zauna daɓas.

Marka ta ga abin ya wuce wasa. Ta matso ta kama gefen jirgi ta ce, “Ku jawo ni!” Shiga ruwa ya fi fita sauƙi. Sai da mata huɗu suka taru, wannan ta kama hannu, waccan ta kama ɗamara, suka tumbulo ta ciki kamar an kamo giwan ruwa, ta faɗa kan buhun albasa tana haki. Ba ta tsaya matse zane ba.

“Maimunatu, kwance raga! Kowa shi ɗauki ƙwarya! Maza ku koma wanga gefe, mata wancan. Kai mai babur, kai da ƙarfi, zo gaba.”

Ta karɓi filafilin ta koma baya, ta ture Mainasara gefe da gwiwa. Ta ce kada kowa ya yi kokawa da ruwa, su bar shi ya tafi da su, su dai riƙa karkata goshin jirgi zuwa tsallake kaɗan-kaɗan. Aka fara. Da fari kowa na nasa, ruwa na fantsama a fuskoki, jirgi na rawa. Sai wata mata daga Anka ta fara ba da amo irin na lugude, “Hai! Hai!”, hannuwa suka daidaita. Masu albasa na kwasar ruwa da masaki, mata da ƙorai. Tsohon malami ya duba bai samu ƙwarya ba, ya ɗauki ludayi, yana tuƙi da shi da iyakar gaskiyarsa, hannu ɗaya riƙe da ƙahon rago. Wata yarinya da goyo ta dube shi ta fashe da dariya, dariyar ta bi jirgin gaba ɗaya, har masu kuka. Mainasara ma aka miƙa masa ƙoƙo, aka ce ya kwalfe ruwan da ke shigowa. Ya karɓa ba musu.

Sun wuce mashigin tsallake da nisa, suna hango masu igiyarsa sun miƙe tsaye suna ɗaga hannu. Can ƙasa sosai ruwa ya lanƙwasa, ya tura su cikin ciyawar bakin gaɓa, kusa da gonakin shinkafa na wani ƙauye. Masunta suka shigo ruwa suka ja jirgin. Mutane suka sauka, wasu suka yi sujada a kan laka.

Ashe ƙauyen ana shirin biki, gida biyu za su aurar. Matan gari suka fito kallon jirgin da aka tuƙo da ƙorai, suka ga ƙoran da kansu, jiƙaƙƙu, zanensu ya fito baƙi wuluk yana sheƙi. Wata ta ɗaga ɗaya ta tambaya da Hausarta mai gauraye da Dandanci ko na sayarwa ne. Marka, wadda wata tsohuwa ta ara wa busasshen zane, ta ce, “Na sayarwa ne, kuma an gwada su a gabanku.” Ba a yi la'asar ba sai da rabin kayan ya tafi. Man Maimunatu kuwa masu biki suka kwashe shi duka.

Ana cikin haka sai ga babur ya taso da ƙura, ɗauke da mutum biyu daga masu igiyar mashigi. Babbansu ya sauko yana faɗa, ya ce an kauce wa shinge da gangan, wannan fasa-ƙwauri ne, kowa zai biya tara, kayan ma an kama. Mai gari ya ce a zauna tukuna, baƙinsa ne. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, aka aika aka kira Sarkin Ruwa, wani dattijo mai furfura wanda duk mai jirgi a yankin ke ƙarƙashinsa.

Tsohon malami ne ya fara bayani, tiryan-tiryan, rago na tsaye a gefensa. Sannan Marka ta durƙusa ta gaida manya ta ce, “Ranka shi daɗe, mu ba mu kauce ma kowa ba. Mashigi munka nufa. A tsakiyar ruwa anka kashe muna inji, anka ce sai mun saye shi da kuɗi. Ba yau anka fara ba. Abin hukuma kuwa ban taɓa gudunsa ba. Yanzu in an ce in taka zuwa taga in biya, sai in tashi.”

Sarkin Ruwa ya juya ga Mainasara. “Gaskiya ne?”

Mainasara ya sunkuyar da kai.

“Kai kaɗai kake ci, ko da waɗanda kuke rabawa?”

Mainasara ya ɗaga ido a hankali ya dubi babban mai igiya. Kowa ya bi idonsa da kallo. Mutumin ya yi gyaran murya, ya duba agogo, ya ce ya tuna ya bar shinge ba kowa, maganar tara kuma a bar ta tunda tsautsayi ne. Ya hau babur. Sai da suka yi nisa jama'a suka saki dariyar da suke riƙewa.

Sarkin Ruwa bai yi dariya ba. Ya ce daga ranar duk jirgin da zai tashi sai an nuna wa fasinja man da ke ciki tun a gaɓa, kuma sai da filafilai isassu. Mainasara kuwa ya ajiye jirgi har ruwa ya janye. Marka ta sake durƙusawa.

“Ranka shi daɗe, ina da roƙo. A bari shi mai da mu gida tukuna. In an hana shi yau, wa zai tsallakar da mu? Ƙoraina sun kusa ƙarewa, ba mu da abin tuƙi.”

A nan dattijon ya murmusa. Ya ce to, sai bayan ya mayar da su ya ajiye jirgin. Washegari Marka ta taka har tagar mashigin tsallake ta biya abin hukuma kamar yadda ta faɗa, ta sayar da sauran kaya a kasuwa. Mainasara ya gyara inji ya tsallakar da su, tun daga wannan gaɓa har waccan injin bai yi ko atishawa ba. Da za ta sauka ya ce, “Inna, kin kashe ni.” Ta ce, “Ban kashe ka ba, ɗana. Je ka huta, ka yi kamun kifi, ka rage tumbi.” Ta ba shi gora ɗaya da ya rage.

Labari ya riga ta isa Gummi. Ashe mai babur, kafin a ba shi masaki da kuma bayan an sauka gaɓa, ya ɗauki hoton bidiyo da wayarsa, abin ya bi wayoyi har ya faɗo ta Saudatu, ita kuma ta ruga da shi gidan mahaifinta. Da Marka ta yi sallama ta tarar da Ɗahiru a zaure da wayar a hannu. Ya amsa, ya dube ta daga sama har ƙasa, ya sake duban wayar. Ta tsaya tana jiran faɗa.

“Ashe zanen ƙoran nan ya fi fitowa in ya jiƙe,” in ji shi.

Ya ajiye wayar. Sai daga baya Saudatu ta raɗa mata cewa tun da ya ga ta faɗa ruwa bai sa komai a bakinsa ba, tuwon jiya ma yana nan a rufe. Marka ta ɗumama shi, ta ajiye a gabansa, ta zauna tana ba shi labarin ragon malam har ya cinye.

Igiyoyin Tungar Giginya ba su ɓace ba. Wasu an cire, wasu sun koma gaba kaɗan sun canja tsumma. An ce wani sabon mai jirgi ya gwada kashe inji sau ɗaya, wata mata ta tambaya da ƙarfi ko akwai mai gora a cikin jirgin, inji ya tashi nan take.

Yanzu Marka ba ta cika tafiya ba. Hanya ta ƙara lalacewa da tsoro, 'ya'yanta kuma sun taru sun roƙe ta. Maimunatu ce ke jagorantar matan, ta kuma koyi ɗaga murya, har ta sayi 'yan tumaki tana kiwo a bayan gida. Marka na zaune a layin masu ƙorai, tana karɓar kaya daga hannun Ɗahiru tana ciniki, wayarta a ƙulle a bakin mayafi. Ranar da motar Umaru ta isa mashigi wayar kan yi ƙara, ta ji muryar Umaru.

“Yaya, ga wani sabo nan, an kawo shi kwanan nan. Ya ce kuɗin tsayuwa.”

“Ba ni shi.”

Sai ta gyara zama, ta ɗaga wa mai sayen ludayi hannu alamar ya dakata.

“Salamu alaikum, ɗana. Marka ce, daga Gummi. Kai ɗan wane gari ne? Ina Innarka, tana lafiya? Madalla. To, zauna, ka samu benci? Ina da kati a waya, ba inda za ni.”